Shafi Uku na Kalanda

Ni ce na yage su. Gara in faɗa tun farko, don har yau akwai masu cewa idon tsoho Thiam-hok ne ya jawo, kuma duk wanda ya faɗi haka a gabana sai ya ji babu daɗi.

Shekarar da ɓarin jikin A-bu ya shanye, ina da shekara arba'in da ɗaya, ina soya ƙosan kawa, naman tekun nan mai ɓawo, a ƙofar ɗakin bautar ƙauyenmu. A-bu ita ta haife ni. Shekara sittin ta yi a ƙarƙashin rumfa tana ɓarar kawa, tana zura ɓawo a igiya tana ƙullawa, har yatsunta suka kanannaɗe. Ciwon ya ɗauke mata hannun hagu da ƙafar hagu, ya karkatar da bakinta, ya bar mata 'yan kalmomi kaɗan, rabinsu zagi. Hannun dama kuwa yana nan da ƙarfinsa, in ta damƙe ki sai kin yi ƙara.

Bayan sabuwar shekara sai ta daina cin abinci. In na kai kunun shinkafa bakinta ta kau da kai. Na dafa kifi, na dafa ƙwai, na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka a bayan gida. Kullum tana ƙara zama ƙashi da fata, ni kuma ga soya ga jinya, har na daina bambance jiya da shekaranjiya. Wata safiya na kawo mata kawa ɓararra daga wajen maƙwabta, ta shinshina, ta ture kwanon.

"Matacciya," in ji ta.

"Haba A-bu! Ɗazu aka ɓare ta."

Ta ɗaga hannu ta nuna yamma, inda teku take. "Can. Da ruwanta."

Na gane abin da take nufi. Kawar da aka yanko daga igiya a tsakiyar laka, a ɓare ta nan take a kurɓe da ruwan gishirin da ke cikinta, yadda suke yi da mahaifina A-pa lokacin yana raye. Na ce hauka ne. Ta rufe ido ta juya fuska bango. Da na dubi wuyanta, yadda ya zama siriri, sai na ɗauki gyalena na nufi gidan Thiam-hok.

Thiam-hok abokin A-pa ne, shekararsa saba'in da huɗu, kuma shi kaɗai ya rage a layinmu da ke shiga teku da amalanken sa. Saura duk sun koma keken inji. San nasa ja ne, tsoho, yana kiransa Mai Unguwa, wai don ba a yin komai sai ya yarda. Na tarar da shi zaune a ƙofa da auduga manne a ido ɗaya. Jiya-jiya ya dawo daga wajen 'yarsa a birnin Taichung, inda aka yi masa aikin ido, ya fi mako a can.

"A-pek, kawa zan saya, kwando ɗaya. Amma a can gonarka zan karɓa, kuma da A-bu za mu je."

"Ke da uwarki duk kanku ɗaya," in ji shi. Sannan ya ce, "Ba ta ci ko?"

"Ba ta ci."

"To. Yau nawa ga wata? Birnin nan ya rikita ni, can ba wanda ya san wata, sai Litinin da Talata."

Na ruga gida na dubi kalandar da ke rataye kusa da murhu, irin mai kaurin nan da shagon taki ke rabawa, wadda ake yage shafi ɗaya kowace safiya. Na dawo na ce masa takwas ga wata. Ya lanƙwasa yatsu yana lissafi. Ya ce ran takwas ruwa ba ya gama janyewa sai wajen sha ɗaya, kuma ba ya dawowa da fushi. In mun fita ƙarfe tara, muna da sarari har ƙarfe ɗaya. Na ba shi kuɗin kwandon ya cusa a aljihu bai duba ba.

Muka shimfiɗa bargo a cikin amalanke, muka jingina A-bu da buhu. Hazo ya sauko tun asuba, irin na watan biyu mai jiƙa gashi, daga kan bangon da ke tare teku ba ka ganin abin da ya wuce taku ashirin. Wannan bai dami kowa ba, an saba. Abin da ya kamata ya dame mu shi ne Mai Unguwa. Da muka gangara kan laka ya tsaya cak, ya ɗaga hanci, ya ƙi gaba.

"Kai, tafi mana! Mako ɗaya ba na nan ka zama attajiri?" Thiam-hok ya ɗan zabga masa igiya. San ya tafi, amma yana waiwaye.

Ba mu yi nisa ba muka ji kukan inji yana tahowa. Wani keke ya wuce mu ta hannun dama, shaƙe da kwanduna, ya nufi gida. Mai tuƙin ya ɗaga hannu yana ihu, injin ya cinye maganar, hazo ya haɗiye shi.

"'Yan zamani," in ji Thiam-hok. "Tun ba a fara aiki ba sun gaji."

Na yi dariya. Ni da bakina na yi dariya.

Tsakanin gaɓa da gonakin akwai wata babbar korama da ruwa ba ya ƙafewa a cikinta. Muka ratsa ta ruwa iya idon sawu. Daga nan tafiyar kusan awa ce, babu abin ji sai ƙarar ƙafafun amalanke da numfashin sa, har turakun gora suka fara ɓullowa daga cikin hazo, layi-layi, igiyoyi a miƙe tsakaninsu sun yi nauyi da kawa. A-bu ta buɗe hanci ta ja iska. Rabon da in ga idonta haka tun kafin ciwon.

Thiam-hok ya yanko igiya guda ya jefa a gabanta. "Ga shi, A-so, matar aboki. Bana ba su yi ƙiba ba, kada ki zage ni."

Na miƙa hannu zan ɓare mata, ta fizge wuƙar. Sai na naɗe tafina da tsumma na riƙe mata kawar, ita kuma ta soka bakin wuƙa ta murɗa sau ɗaya, ɓawon ya buɗe. Ta kai baki ta kurɓe, ruwan yana zubowa ta gefen da ya karkace. Ta haɗiye. Ta miƙo wuƙa alamar in kawo wata. Bakwai ta ci, ina ƙirgawa, ina share hawaye da kafaɗa don hannuwana ba sarari. Daɗi ya cika ni har na manta inda nake.

Thiam-hok yana cika kwandona yana hira. A-bu ta fara nuna ƙasa da wuƙar tana gurnani, na ɗauka ƙari take so. Ashe ramukan ƙaguwa take nuna mini. Ko ɗaya babu a waje, duk sun shige sun toshe ƙofa da laka. San kuma ya juya da kansa ya fuskanci hanyar da muka fito, yana buga ƙafa.

"Bana na rasa bikin Kakan Ƙasa na ɗakin bauta," in ji Thiam-hok. "An yi ciniki?"

"Kamar me! Har kayana suka ƙare. Kazar bikin ma har yanzu da saura a tukunya."

"Kazar kwana shida? Ke kam so kike ki ƙarasa uwarki."

"Wane irin kwana shida, A-pek? Yau kwana uku."

Hannunsa ya tsaya a kan igiya. Ya juyo da idon nan guda ɗaya ya dube ni.

"A-tin," ya kira sunana. "Bikin Kakan Ƙasa biyu ga wata ne. Tun da aka haife ni biyu ga wata ne."

Sai na tuna. Ranar bikin mutane sun yi mini yawa, tsofaffin shafukan kalanda da nake tsane mai da su suka ƙare, na ruga gida na finciko uku daga jikin kalandar, na ce zan riƙe a kaina. Washegari na tashi da ciwon baya na yage ɗaya kamar kullum, haka jibi, haka yau. Kalandar tana gaba da duniya da kwana uku. Yau biyar ga wata, ba takwas ba.

"Biyar," na ce.

Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya dai ce, a hankali, "Ran biyar tun takwas da rabi ruwa ya juyo." Ya ɗaga yatsa. "Saurara."

Na kasa kunne. Daga cikin hazon, ta ko'ina, wani siririn sauti yake tahowa, kamar an zuba ƙullu a mai can nesa. Na dubi ƙasa. Sawun takalmina ya cika da ruwa, kumfa tana kewaya shi.

"Hau!" Ya yar da wuƙa da igiya. Bai ko taɓa Mai Unguwa ba, san ya zabura.

Mu mutanen nan mun san ruwanmu. Ba ya zuwa da igiyar ruwa ya yi maka sallama. Shimfiɗowa yake yi, lakar kuma shafe take kamar faranti, kafin ka yi taku goma ya yi ashirin. Mafi muni, korama yake fara cikawa, wato yana riga ka zuwa gida ya tare hanya. Cikin ɗan lokaci sawun ƙafafun amalankenmu, wanda shi kaɗai ke nuna mana gabas, ya nutse. Turakun gora suka ɓace a baya. Sama fari, ƙasa fari, mu uku da sa a tsakiya. Na rungume A-bu ina kiran Uwar Teku da muke bauta wa, ina yi mata alkawarin abubuwan da ban ma da su.

Ruwa ya kai gwiwar san. Sai kawai ya karkata hagu.

"A-pek, ya saki hanya! Teku zai kai mu! Ja shi!"

Thiam-hok ya dubi igiyar da ke hannunsa, ya ɗora ta a wuyan san, ya naɗe hannu.

"Me kake yi haka? Ka haukace ne?"

"Ido ɗaya gare ni, shi ma hazo ya rufe. Ke kin san inda gabas take? Nuna mini." Na waiga ko'ina, na rasa inda zan nuna. "To yi shiru. Inda muka ratsa ɗazu yanzu ya shanye mutum. Shi ya san wani wuri. Tun safe yake gaya mana, mu ne ba mu ji ba."

Zuciyata dai ba ta yarda ba. Ruwan ta gabanmu yake tahowa, kuma duk jikina yana ce mini teku muka dosa. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, tsoron da ke sa haƙora kaɗawa. Ba don kaina ba. Ni na iya iyo. A-bu ko zama ba ta iya yi sai an tokare ta, kuma ni na ɗauko ta daga gadonta na kawo ta nan.

Ƙasa ta fara gangarawa, muka san korama ce. Ruwa ya shigo cikin amalanke ya jiƙa bargo. Muka tura kwandon kawar ya tafi, muka tura buhu. San ya yunƙura, ya sake yunƙurawa, ƙafar amalanke ta dama ta lume a laka, duk abin ya karkace. A-bu ta zame, na cafko ta ta wuyan riga. Thiam-hok ya diro cikin ruwa har ƙugu yana lalube a wuyan san, ya kwance shi daga amalanken.

"Goya ta! Ki kama wutsiya, kada ki saki ko me ya faru. Ni ina gaba."

Na warware dogon gyalen da muke rufe fuska da shi, na sungumi A-bu na ɗora a baya, na zagayo da shi ta ƙarƙashin hammatarta na ƙulle a ƙirjina, ƙulli biyu. Ba ta da nauyi, wannan ma ya ba ni tsoro. Na sauka. Sanyin ruwan ya soke ni har ƙwaƙwalwa. Hannun dama na naɗe wutsiyar san, na hagu na tallafo cinyarta da ta mutu, don in na saki sai ruwa ya ja ƙafar ya juya mu.

Ruwa ya kai cibiya. Ya kai ƙirji. Laka tana riƙe ƙafa, takalmina ɗaya ya tafi, ɓawon kawa yana yanka tafin ƙafata ina ji kamar ba tawa ba. Thiam-hok na daina ganinsa, sai muryarsa yana yi wa san magana ƙasa-ƙasa. Sau biyu na yi tuntuɓe muka nutse har wuya, na taso ina tari, A-bu tana tari a kunnena. Kowane taku sai na ji ruwan yana fizgar ta daga bayana, ni kuma ina jan san baya.

Sai na ji yatsu a ƙirjina.

Da farko na ɗauka riƙo take nema. A'a. Ƙullin take lalube. Matar da ta shekara sittin tana ƙulla igiya tana kwancewa, ƙulli biyu a jiƙe ba komai ba ne a wajenta. Kafin in ankara na farko ya tafi.

"A-bu! Me kike yi? Bari!"

Ta kawo bakinta daidai kunnena. Tun da ciwon ya same ta ban ji ta yi magana sarai haka ba.

"Nauyi. Ki je."

"Ki je ina? Na rantse in kika kwance sai na saki wutsiyar nan mu tafi tare! Kina jina? Tsohuwar banza mai taurin kai, kin ci kawarki kin ƙoshi shi ne za ki gudu ki bar ni da mutanen gari?"

Ko a jikinta. Yatsun suka koma kan na biyu, na ji gyalen ya fara sassautawa. Hannuna ɗaya yana wutsiya, ɗaya yana cinyarta, duk wanda na saki mun tafi. Sai na sunkuyar da kai na kama hannun nata da haƙori, nan gindin babban yatsa, na datse iya ƙarfina. Ta yi ƙara, ta fizga, ta buga mini goshinta a ƙeya. Ban saki ba. Na ji ɗanɗanon jini da gishiri da ƙarnin kawa. Haka muka ci gaba, ina numfashi ta hanci, ruwa yana dukan haɓata, gyalen yana rataye da rabin ƙulli.

Ban san tsawon lokacin ba. Abin da na sani, can sai ta daina fizga. Hannun ya yi laushi a bakina, kanta ya faɗo a kafaɗata, tarin ma ya tsaya. Ba halin in kira ta, in na buɗe baki ta tafi. Ba halin in waiwaya. Ina tafe ban sani ba ko uwata nake goye da ita ko gawarta, kuma wannan ya fi ruwan ban tsoro.

Ƙasa ta fara taurin yashi. Ruwa ya sauka zuwa ƙirji, zuwa ƙugu. Sai na ji ƙarar ƙarfe daga gaba, ana dukansa ba ƙaƙƙautawa, farantin tagullar ɗakin bauta ne. Mai keken injin nan da ya wuce mu ya ga ba mu juyo ba, ya tara mutane a kan bango suna bugawa don mu ji inda gari yake. Mai Unguwa bai ko karkata ba, dama can wajen ya dosa.

Maza suka shigo ruwa suka tare mu. Sun ce sai da aka matse mini muƙamuƙi kafin na saki hannun. Aka kwantar da ita a kan bango, leɓɓanta sun yi shuɗi, mata suka tuɓe mata jiƙaƙƙun kaya suna murza ta da giyar shinkafa da citta. Ni ina durƙushe ina kiran A-bu, A-bu, ba amsa. A bayana wasu sun taso wa Thiam-hok, wai tsoho da ido ɗaya ya kwashi mara lafiya ya kai ta teku ran biyar ga wata. Yana tsaye yana rawar sanyi, audugar idonsa ta tafi, amalankensa ya tafi. Na juya na daka musu tsawa na ce ni ce, ni na ce masa takwas, ni na yage kalanda na tsane ƙosai, duk mai zagi ya zo nan.

Ina cikin haka wata ta ce, "Ta motsa!"

A-bu ta amayar da ruwa, ta buɗe ido ɗaya, ta ɗaga hannun dama a hankali ta dubi shatin haƙorana yana tsiyayar jini. Sannan ta dube ni.

"'Yar kare," in ji ta.

Na faɗa kanta ina kuka ina dariya, har aka janye ni don ta samu iska.

Sati uku ta yi a asibiti da ciwon ƙirji, ta dawo tana cin abinci kamar mai huce haushi. Ba mu taɓa yin maganar ƙullin nan ba, ko sau ɗaya. Ranar da ta dawo gida ta nuna kalandar da ke kusa da murhu, ta nuna bangon gefen gadonta, ta dama. Na buga ƙusa na mayar da ita can. Daga ranar ita ke yagewa, kowace safiya shafi ɗaya, da hannun nan mai tabo, ta ninke ta tura ƙarƙashin matashi don kada in samu na tsane mai. In na matso kusa da bangon sai ta harare ni. Ina daga kicin nake jin ƙarar yagewar, sannan in ɗora ruwan shayi.

Shekara biyu da wata huɗu muna haka. Wata safiya na hura wuta, na jera kofuna, na tsaya ina jira. Ruwan ya tafasa ya ƙone rabi. Da na shiga ɗakin ban dubi gadon ba tukuna, bango na duba. Shafin jiya yana nan.